Kambin ganye da furen roba: asalinsu, ire-irensu da matsayinsu a adon ɗakunan Adar

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa farkon Janairu, duk wanda ya kunna talabijin ko ya leƙa Facebook zai ci karo da wani zagayayyen ado na koren ganye, rataye a ƙofofin gidajen Turai da Amurka, an ɗaura masa jan ƙyalle. Faransawa na ce masa «couronne», wato kambi, don haka a Hausa ake kiran sa kambin ganye ko kambin furanni. A Nijar an fi ganin sa a manyan kantuna da otal-otal na Yamai, da majami'u, da gidajen Kirista lokacin bikin Kirsimeti, wanda wasu ke kira Nowel.

A Tamaske da sauran garuruwan Adar, inda kusan kowa Musulmi ne, ba a saba rataye shi a ƙofa ba. Sai dai ɗan'uwansa, furen roba, ya daɗe da shiga ɗakunan amare, yana cin wuri a bangon da faifai da ƙwarya suka daɗe suna riƙe da shi. Saboda haka zancen kambi ya shafi mutanen yankin ta fuskar da ba ta addini ba: wane ado za a saya, kuɗin zai shiga hannun wa, kuma me zai saura a tsakar gida bayan adon ya tsufa.

Yadda kambin yake

Kambi zobe ne da ake lanƙwasawa da waya, ko ɗanyen reshe, ko ciyawa, sannan a bi shi da ganye ana ɗaurewa har a rufe shi ruf. A ƙasashen sanyi ana zaɓen ganyen itatuwan da ba sa kaɗewa ko da ƙanƙara ta sauka, irin itatuwan nan masu ganye kamar allura da ake yin bishiyar Kirsimeti da su. A kan ganyen ake ƙara jajayen ƴaƴan itace, da busassun kwanso, da ƙyalle, wani lokaci da ƙananan fitilu.

Iri biyu aka fi sani. Akwai na ratayewa a ƙofa ko bango, akwai kuma na ajiyewa a kwance bisa tebur, mai kyandir 4. Na biyun yana da alaƙa da ibadar Kirista kai tsaye: a kowace Lahadi cikin Lahadi 4 da ke gabanin 25 ga watan Disamba ana kunna kyandir ɗaya, har su cika. A fassarar Kirista, zoben da ba shi da farko ba shi da ƙarshe yana nuni da dawwama, koren ganye a tsakiyar sanyi kuma yana nuni da rai da bege.

Daga ina ya samo asali

Ɗora kambin ganye ya girmi Kirsimeti nesa ba kusa ba. A tsohuwar Girka, wanda ya yi nasara a wasannin Olimpiya ba a ba shi zinariya, kambin reshen zaitun ake ɗora masa a kai. An farfaɗo da wannan al'ada a wasannin Olimpik na birnin Atina a 2004, inda aka ɗora wa kowane mai lambar yabo kambin zaitun. Rumawa ma sun riƙa ɗora wa jarumansu da sarakunansu kambin ganye, suna kuma ƙawata ƙofofi da koren reshe a bukukuwan ƙarshen shekara.

Mutanen Keita da Bouza da Madaoua sun san wani kambi irin wannan ko da ba su lura ba. Tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke jikin fararen motocinta taswirar duniya ce da rassan zaitun biyu suka kewaye, alamar zaman lafiya, kuma tun 1946 aka amince da shi.

Kambi mai kyandir kuwa sananne ne mafarinsa. A 1839, wani malamin majami'a Bajamushe mai suna Johann Hinrich Wichern yana riƙe da gidan renon yara marasa galihu a birnin Hamburg. Yaran sun dame shi da tambayar kwana nawa ya rage a yi biki. Sai ya samo tsohuwar ƙafar amalanke ta katako, ya kafa mata manyan kyandir farare 4 na ranakun Lahadi, da ƙanana jajaye na sauran ranaku, ana kunna ɗaya kowace rana yaran suna ƙirga da idonsu. Daga baya aka riƙa lulluɓe ƙafar amalanken da koren ganye, aka kuma rage kyandir ɗin zuwa 4 don ya shiga ƙananan gidaje. Katolikan Jamus sun karɓe shi a shekarun 1920, daga nan ya ƙetara Amurka a shekarun 1930.

A Amurka har yau ana yin na ɗanyen ganye da yawan gaske, musamman a jihar Maine. Tun 1992 ake kai dubban kambuna daga can zuwa maƙabartar sojoji ta Arlington a watan Disamba, ana jingina su a kaburbura.

Daga ganye zuwa roba

Ɗanyen ganye yana bushewa cikin ƴan makwanni, kuma ba ko'ina ake samun sa ba. Wannan ya sa tun ƙarni na 19 Jamusawa suka fara kwaikwayon sa da gashin dinya da aka rina kore. A rabi na biyu na ƙarni na 20 roba ta karɓe kasuwar.

Kambin roba na yau iri biyu ne. Mai araha ana yin sa da robar PVC, a yanka ta siriri-siriri a murɗe a jikin waya. Mai tsada ana zuba robar ne a mazubi, sai ta fito da siffar reshe na gaske. Furannin da ake liƙawa a kai yawanci yadin roba ne da aka yanka aka matse da zafi, ƙarar kuma waya ce a cikin roba.

Mafi yawan wannan kaya daga Sin yake fitowa. Birnin Yiwu da ke lardin Zhejiang shi ne cibiyarsa, kuma ana ƙiyasta cewa kusan kashi 2 cikin 3 na kayan adon Kirsimeti na duniya daga can ake fitar da su. Daga Sin ne kuma ake kawo mafi yawan furen roba mai igiya da na tukunya da ake gani a kasuwannin Afirka duk shekara. 

Hanyar da yake bi zuwa Adar

Nijar ba ta da bakin teku, don haka kayan na sauka ne a tasoshin ruwa na maƙwabta. Kafin 2023 yawancinsu ta Kwatano suke shigowa. Bayan rufe iyaka da Benin a wannan shekara, ƴan kasuwa sun karkata zuwa Lome, suna ratsowa ta Burkina Faso, hanyar da ta fi nisa ta kuma fi tsada. Wani kason kuma yana fitowa daga Legas da Kano, ya biyo ta Sakkwato da Illela zuwa Birnin Ƙonni, ko ta Katsina zuwa Maraɗi, daga nan ya watsu a kasuwannin mako.

Akwai kuma wata hanya da ba ta bi ta hannun dillali. Adar ƙasar ci-rani ce, abin da mutanen yankin ke kira biɗa. Bayan an gama girbi, maza da yawa na tafiya Najeriya da Côte d'Ivoire da Libiya da wasu ƙasashe, kuma Tamaske, da ke kan hanyar Tahoua zuwa Keita, ta yi suna da ƴan kasuwarta mazauna biranen Najeriya. Tsarabar da ake dawowa da ita takan ƙunshi agogon bango, da labule, da furen roba, abin da aka gani a falon birni ana so a gan shi a ɗakin gida.

Ainihin kambin Kirsimeti dai ya tsaya a tsakanin Kirista, waɗanda ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar ƙasar ba, ko da yake 25 ga watan Disamba ranar hutu ce a hukumance. A jahar Tahoua akwai majami'u a birnin Tahoua, da kuma Galmi, a kan babbar hanya tsakanin Ƙonni da Madaoua, inda mishan SIM ta buɗe asibiti tun 1950. Katolikan jahar suna ƙarƙashin bishop na Maraɗi tun 2001. Musulmi da yawa suna kauce wa kambi mai kyandir da mai jan ƙyalle saboda ma'anarsa ta ibada, amma suna sayen furen roba don biki da suna da sallah, a matsayin ado kawai.

Zagayayyen adon da Adar ta gada

Rataye zagayayyen abu a bango don ado ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Idan za a kai amarya, ƴan'uwanta mata ne ke riga ta zuwa su yi jere. A da, jeren ƙore ne: masaki a ƙasa, ƙanana a bisa, wasu an yi musu sassaƙa ko zanen wuta, da ludaya, da faya-fayai masu launi a jikin bango. Daga baya tasoshi da kwanonin langa da samira suka shigo, sannan kabad mai gilashi da tangaran. Kowane zamani da nasa kaya, amma manufar ba ta sake ba. Jere shaida ce ta ƙoƙarin uwar amarya, kuma ajiya ce da mace ke iya sayarwa ranar da ta shiga matsi.

Faifai shi ne ya fi kusa da kambi a siffa. Ana ɗinka shi ne da kaba, wato ganyen ƙaramar goruba. Mace za ta tsaga kabar siriri, ta shanya, ta rina wadda za ta rina, sannan ta tara ɗan damin ciyawa ko tsinken kaba ta riƙa naɗe shi tana ɗinkewa da basilla, tana zagayawa daga tsakiya zuwa baki. Ja a da daga karan dafi ake samun sa, baƙi kuma daga bagaruwa da tsatsar ƙarfe, irin haɗin da dukawa ke yi. Yanzu galurar kanti ta fi yawa, shi ya sa ake ganin kore da shuɗi da ruwan hoda. Faifai ɗaya yana rufe ƙwaryar fura, yana bakacen hatsi, idan kuma mai zane ne yana hawa bango.

Madaoua ta yi suna a faɗin ƙasa da tabarmin kaba, kuma saƙa da ɗinkin kaba na cikin ƴan sana'o'in da macen karkara ke yi a cikin gida da rani, lokacin da maza suka tafi biɗa. Kuɗin da ake samu bai taka kara ya karya ba a kan kowane faifai, amma da shi ake sayen gishiri da sabulu, da shi ake zubin adashi. Duk bangon da furen roba ya cika, ciniki ne ya kuɓuce wa mai ɗinki. Irin waɗannan kaya ne ake baje kolinsu a SAFEM, kasuwar baje kolin sana'o'in hannu na mata da ake yi a Yamai, inda masu saye daga birni da ƙasashen waje ke neman su musamman don adon bango.

Koren ganyen hunturu

Abin da ya sa Turawa suka zaɓi ganyen da suka zaɓa shi ne yana kore a lokacin da sauran itatuwa suka zama ƙirare. Adar tana da nata irin wannan icce, wato gawo. Shi yana zubar da ganye da damina, ya sake fitar da sabo idan ruwa ya ɗauke, don haka a watan Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ya busar da gonaki, gawo ne ke tsaye kore shar. Ƴaƴansa masu lanƙwasa, masu launin ruwan goro, abincin bisashe ne, kuma suna da kyau a jikin ado. Dogon yaro, wanda ake kira bedi, shi ma yana riƙe ganyensa mafi yawan rani.

Sai dai waɗannan itatuwa ba a banza aka same su ba. Bayan farin shekarun 1970, ƙungiyar CARE tare da ma'aikatan gandun daji sun fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Maggiya, cikin yankin Bouza, a 1975, don karya ƙarfin iska, har layukan suka kai ɗaruruwan kilomita. A 1984 kuma aka soma aikin raya karkara na Keita da kuɗin Italiya, hukumar FAO na gudanarwa, hukumar abinci ta duniya na biyan ma'aikata da abinci. An dasa itatuwa kimanin miliyan 18 cikin shekaru kusan 20, kuma mata ne suka yi mafi yawan aikin, suna ɗaukar duwatsu da haƙa ramuka a kan fako.

Gawo da goruba duka suna cikin itatuwan da dokokin gandun daji na Nijar suka kare, kuma dokar da ake aiki da ita ta 2004 ce. Sare su ba da izni ba laifi ne. Goruba ta fi shan wahala, domin idan aka yawaita yankan kaba daga ƙananan tsirrai, ba za su taɓa miƙewa su zama itace ba, sai su dawwama a ƙasa. Saboda haka duk wanda ke son kambin ɗanyen ganye a wannan yanki, ya tsaya ga abin da ya faɗo ƙasa ko rassan da aka riga aka sassabe.

Na roba da na gida: abin da ya bambanta su

Amfanin na roba a bayyane yake. Ba ya buƙatar ruwa, gara ba ta cin sa, ana iya wanke shi, kuma launinsa na ɗaukar ido. Amma an ƙera shi ne don ƙasashen da ba su da rana da ƙura irin na Adar. Idan ya sha rana, launin yana koɗewa, robar ta yi tauri ta fara karyewa. Ƙurar hunturu kuma tana maƙalewa tsakanin ganyayyakin, wanda hakan ke damun masu asma da ƙananan yara idan ba a wanke ba.

Matsala mafi girma tana zuwa ne bayan ya tsufa. Roba ba ta ruɓewa. Idan aka jefar da ita a juji, awaki da tumaki na iya haɗiye guntayenta su toshe musu ciki, kamar yadda leda ke yi. Idan aka ƙone ta, robar PVC tana fitar da hayaƙi mai guba da ke ƙona maƙogwaro da huhu. Nijar ta kafa doka a watan Nuwamban 2014 da ta hana shigo da ledoji marasa kauri da sayar da su, amma dokar ba ta shafi kayan ado ba, kuma ko ledar ma har yanzu tana nan a kasuwa.

Na kaba da ciyawa kuwa yana jure rana da ƙura, kaɗewa kawai yake so. Abokan gabarsa su ne laima da gara da ɓera, don haka ba a jingina shi a bangon da ke tsotsar ruwa da damina. Idan ya tsufa yana komawa taki. Kuɗinsa kuma yana tsayawa a cikin gari.

Abu ɗaya da suka haɗu a kai shi ne wuta. Busasshiyar ciyawa da roba duka suna kamawa nan take, kuma lokacin hunturu ne gobara ta fi yawa, saboda iska da bushewa da garwashin jin ɗumi da ake shiga da shi ɗaki. Kada a rataye ko wanne kusa da fitilar kananzir, ko kaskon turaren wuta, ko kurfoti. Mai son haske a jikin ado ya nemi ƙananan fitilu masu batir, waɗanda ba sa zafi. Masu kunna kyandir kuma kada su fita su bar shi yana ci.

Yadda ake haɗa kambi da kayan gida

Ba a buƙatar sayen kome daga waje. Da farko a samo ɗanyen reshe mai lanƙwasuwa, irin na geza ko sabara, a lanƙwasa shi ya zama zobe mai faɗin kamar bakin masaki, a ɗaure bakin da igiyar kaba, a bar shi ya bushe a inuwa. Wanda ba shi da reshe yana iya murɗa damin gamba ya naɗe shi da kaba, kamar yadda ake yin gammo.

Daga nan sai a shirya abin da za a ɗora: ƙananan zangarniyoyin hatsi da na dawa, ƴaƴan gawo da na bagaruwa, ƙwallon goruba, busasshen jan barkono ko zoɓorodo don launi, da farar auduga. A riƙa haɗa su ƙulli-ƙulli, ana ɗaura kowane ƙulli a jikin zoben yana rufe gindin na gabansa, duk suna fuskantar gefe ɗaya, har a zagayo. A ƙarshe a yi masa maratayi da igiya ko tsirin fata. Wasu na sa ƙaramin faifai mai zane ko madubi a tsakiya.

Zangarniya na jawo ƙwari da ɓera, don haka a shanya ta sosai kafin a ɗaura, a kuma riƙa sauke adon ana kai shi rana lokaci-lokaci. Idan gidan na da yara masu rarrafe, a bar barkono, a kuma rataye adon inda hannu ba ya kai.

Abin lura ga mai saye

Wanda ya zaɓi na roba ya ja ganye ɗaya ya gani ko zai tsinke, ya duba wayar ko ta fara tsatsa, ya kuma shinshina, domin wari mai ƙarfi alamar roba ce mara kyau. A wanke shi da ruwan sanyi da ɗan sabulu, a shanya a inuwa, a ajiye shi cikin kwali idan biki ya wuce. Guda ɗaya mai kyau da zai yi shekaru ya fi biyar da za su koɗe kafin sallah ta zagayo.

Wanda ya zaɓi faifai kuma ya duba ɗinkin ko ya matsu, ya goga ɗan jiƙaƙƙen ƙyalle a kan launin don ya ga ko yana zuba. Iyayen amare da ke lissafin jere suna iya raba bangon, su bar wa furen kanti kusurwarsa, su sayi sauran a hannun masu ɗinkin kaba na unguwa. Idan shekaru suka ja, furen zai koɗe a zubar, faifan kuwa ko ya sauka daga bango zai ci gaba da rufe ƙwarya.